Yadda Ake Sama wa Tsohon Doki Abokin Zama a Ƙauye

Idan doki ya gama zamaninsa a birni, ya yi hawan sallah shekara da shekaru har ƙafa ta fara nauyi, abin da aka saba shi ne a mayar da shi ƙauye ya huta. A kafa masa turke a bayan gida, a zuba masa harawa, a dama masa dusa da kanwa, a ce an yi masa gata. Niyyar mai kyau ce. Sai dai dokin da ya tashi a barga yana jin numfashin 'yan'uwansa dama da hagu, wannan zaman ba hutu ba ne a wurinsa. Dabbar garke ce, kaɗaici yana cin ta kamar yadda cuta ke ci.

Na fara ganin haka a kan wani kili na mahaifinmu da aka dawo da shi gida yana da shekara 21. Ci dai yana ci, amma kafin wata biyu ana ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa. Ya tone gindin turke da ƙafar gaba har ya yi rami. Duk ranar kasuwa, da jakuna sun bi ta bayan danga sai ya miƙe wuya ya yi ta haniniya har su ɓace. Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne ƙujewar da muke tararwa kullum da safe a gwiwoyinsa na gaba. Wani dattijo da ya ƙare rayuwarsa a barga ne ya duba, ya ce dokin nan ba ya kwanciya, gyangyaɗi ne ke kwasar sa a tsaye har ya durƙushe.

Dalilin kuwa shi ne, doki yana barci a tsaye, amma barci mai nauyi sai a kwance, ko da na rabin awa ne a kwana. A garke wani na kwance, wani na tsaye yana gadi. Wanda ba shi da mai gadi sai ya ƙi kwanciya. Dokin da ya samu kulawa yakan kai shekara 25 zuwa 30, ka ga ke nan wanda aka sauke wa sirdi yana da 20 yana da sauran zama mai tsawo a gabansa. Daga kan kilin nan zuwa yau na sha haɗa tsofaffin dawaki da abokan zama, namu da na maƙwabta, ga kuma yadda nake yi.

Kayan da za ka tanada

- Turke biyu masu ƙwari, da ragama da igiya mai laushi ga kowace dabba. Igiyar roba siririya tana yanka fata, ka guje ta.
- Itace ko azara na yin shinge tsakaninsu. Dangar kara tana yi idan an kafa mata ginshiƙai, amma su biyun duk za su ci ta, sai ka riƙa gyara. Waya mai ƙaya kuwa kada ta kusanci wurin doki ko kaɗan.
- Komi biyu na abinci, da mazubin ruwa biyu. Rabin duro ya isa idan an daddake bakinsa ya daina kaifi.
- Rumfa mai faɗin da za ta ɗauki dabba biyu ba tare da sun gogi juna ba.
- Yashi mai laushi na shimfiɗa a wurin kwanciya.
- Ma'aunin zafin jiki, buroshi, da maganin tsutsar ciki da na kaska daga hannun likitan dabbobi.
- Mutum na biyu, babba mai ƙarfin riƙe igiya, a ranar haɗawa.

Mataki na 1: Ka fara sanin ko kaɗaicin ne

Ba duk tsohon dokin da ya rame ne kewa ke damun sa ba. Ka duba gindin kominsa. In ka ga dunƙule-dunƙulen ciyawa jiƙaƙƙu da yawu, wadda ya tauna rabi ya zubar, to matsalar haƙori ce: turamensa sun cinye ko sun yi kaifi suna yankar kumatu, sai likita ya goge su. Ka auna zafin jikinsa ta dubura. Na lafiyayye yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5 a ma'aunin Selsiyus, numfashinsa kuma sau 8 zuwa 16 a minti idan yana hutawa. Ka ba shi maganin tsutsa.

Alamun kaɗaici su ne yawan haniniya, kai-komo a iyakar igiya, tonon ƙasa, gwaguyar komi ko turke, da kaɗa kai dama da hagu ba dalili. Wani kuma shiru yake yi, ya sunkuyar da kai ya daina kula kowa, wannan ya fi ba ni tsoro. Da asuba ka duba gefen cikinsa da gezarsa. Dokin da ya kwanta za ka ga yashi ko ƙaiƙayi a jikinsa. In kwana bakwai a jere jikinsa fes, ba ya kwanciya ke nan.

Mataki na 2: Zaɓen aboki

A nan aka fi yin kuskure. Abokin da ya fi dacewa da doki ɗan'uwansa doki ne, amma dawakinmu na hawa kusan duk maza ne da ba a dandaƙe ba. Ka saki ingarma biyu a fili ɗaya, faɗa za su yi na cizo da harbi, tsohon ne kuma zai sha kashi. Ka kawo masa goɗiya, sai ya hana kansa sukuni ya ƙara ramewa. Saboda haka in doki ne za ka kawo, zamansu na maƙwabtaka ne kawai: kowa da turkensa, shinge a tsakani, suna ganin juna suna jin ƙanshin juna. Ko hakan ma ya wadatar da yawancinsu, domin da irin wannan zaman suka saba a barga. Ka nemi mai shekaru kusa da nasa, ko ƙuru mai sanyin hali. Duƙushi ba ya yi, wasansa ya fi ƙarfin gaɓoɓin tsoho.

Ni dai jaki na fi amincewa da shi. Yana da haƙuri, cinsa kaɗan ne, yana da tsawon rai, kuma yarensu da doki kusan ɗaya ne: kunne, wutsiya, sosa juna da haƙori a gindin wuya. Ka nemi tsohuwar jaka ko dandaƙaƙƙen jaki. Namijin da ba a dandaƙe ba mugun mafaɗaci ne, yana kama wuya ya ƙi saki, kada ƙanƙantarsa ta ruɗe ka. In shi kaɗai ka samu, likitan dabbobi ne zai dandaƙe shi, ba ɗan koyo ba, don jaki ya fi doki zubar da jini a wannan aikin. Ka jira mako 6 zafin kansa ya sauka kafin haɗawa. Jaka kuma, duk lokacin da take neman barbara ka mayar da shinge tsakaninsu na 'yan kwanaki.

Idan kuɗin jaki ya gagara, kuma ya yi tsada sosai tun da aka shiga cinikin fatarsa zuwa Sin har Tarayyar Afirka ta hana yanka jakuna don fata a watan Fabrairun 2024, to taure ko akuya suna yi. Jar akuyar nan ta Sakkwato da Maraɗi tana saurin sabo da doki. Ka zaɓi marar ƙaho, ko mai gajeren ƙaho da aka dasashe tsininsa, domin tsohon doki yana sauke kai ƙasa, ido kuma ba ya da gyara. Akuya tana cin gashin wutsiyar doki. Da ka ga ta fara, ka kitse wutsiyar ka ɗaure da tsumma da rana, da yamma ka kwance masa ya kori ƙuda.

Abu ɗaya da nake roƙon ka: kada ka haɗa shi da ragon layya ko dabbar da ka san za ka sayar nan da wata uku. Zai saba, ranar sallah a ɗauke, ya koma abin da ya fi na da muni.

Mataki na 3: Saye da killacewa

Jakin maƙwabci ko na ɗan'uwa wanda ka san tarihinsa ya fi na kasuwa. In kasuwar ce, irin su Maigatari ranar Alhamis ko Wudil ranar Juma'a, ka tafi da wanda ya san dabba. Ka duba hanci ko yana yoyo, ƙarƙashin muƙamuƙi ko da kumburi, ƙafafu ko da ƙuraje masu ruwa a jere, sannan a ja shi ya yi tafiya a gabanka.

Ko daga ina ya fito, kada ya shiga wurin dokin ranar da ya zo. Ka ɗaure shi nesa, taku 30 ko fiye, inda iska ba ta kaɗowa daga shi zuwa dokin, har kwana 21. Bokitinsa daban, kominsa daban, kuma kullum ka fara sallamar dokin kafin ka je wurin baƙon. Masu jakuna a Sakkwato da Jamhuriyar Nijar ba su manta da murar da ta ɓarke a ƙarshen 2018 zuwa 2019 ba, wadda ta kashe jakuna masu yawa. Irin wannan mura ta numfashi take bi, tsohon doki kuma ba ya da ƙarfin jure ta.

A cikin kwanakin nan ka cire masa kaska, ka ba shi maganin tsutsa. Jaki yana ɗauke da wata tsutsar huhu da shi ba ta dame shi ba, amma in ta shiga doki sai ya yi ta tari. Maganin aibamektin yana kashe ta. Likita ne zai faɗa maka adadi gwargwadon nauyin dabbar, kada ka yi kintace.

Mataki na 4: Gyaran wuri

Ka raba filin gida biyu da shingen da ya kai ƙirjin babban mutum. Kada ka bar tazarar da kofato zai shige ya maƙale. In akuya ce, ka bar mata 'yar ƙofa a ƙasa wadda ita za ta wuce, doki ba zai iya ba, ta samu wurin gudu. Ka toshe duk wani lungu da za a iya ritsa wani a ciki. Ka kwashe leda, tsumma, ƙusa da guntun waya, ka tumɓuke tumfafiya, zurma da zaƙami. Yashin kwanciya ka zuba shi da kauri a inda suke hangen juna, don tsohon doki yana shakkar kwanciya a ƙasa mai tauri saboda wahalar tashi.

Lokacin da na fi so shi ne kaka zuwa farkon ɗari: harawa ta wadata, ƙuda ya ragu, ba zafin bazara da ke sa dabba ƙunci.

Mataki na 5: Haɗawa

Sannu ba ta hana zuwa. Kwana ukun farko ka matso da baƙon inda za su ga juna, kamar taku 10. Za a yi haniniya da kuka, ba komai. Ka ɗebi ɗan kashin kowanne ka ajiye kusa da ɗayan ya sunsuna, ka kuma goge su da buroshi ɗaya, yanzu da killacewa ta ƙare.

Daga kwana na huɗu ka sa su gefe da gefen shinge. Za su haɗa hanci, su hura wa juna iska, dokin ya yi wata 'yar ƙara ya buga ƙafar gaba. Wannan gaisuwa ce, kada ka daka masa tsawa. Kai dai kada ka tsaya a tsakaninsu ko a gabansa. Abin da kake jira shi ne ranar da za ka tarar da su kowa ya saki leɓe, ya ɗage ƙafar baya ɗaya, suna gyangyaɗi kusa da juna. Wasu kwana uku, wasu sai mako biyu.

Daga nan sai ku fita da su tafiya, kai da dokin a gaba, mataimakinka da jakin a baya, tazarar da harbi ba zai kai ba. Ku yi haka safiya biyu ko uku. Tafiya tare tana sa su ji kamar garke ɗaya ne.

Ranar sakin su wuri ɗaya ka zaɓi safiya, bayan kowa ya ƙoshi, kai ma ba ka da wata sabga. Ka cire dabaibayi, ka kwance igiya. Babban ganganci ne a haɗa su ɗaya a ɗaure ɗaya a sake, ko a kafa turakunsu kusa har igiyoyi su sarƙe. Na ga igiya ta yanke wa doki bayan dunduniya a haka, ya yi wata biyu yana ɗingishi. Ka ajiye tulin harawa uku nesa da juna, wanda aka kora daga ɗaya ya samu wani. Kwantar da kunne, ɗan kora, harbin iska, duk na neman sanin babba ne. Amma in ɗaya ya bi ɗaya ba ƙaƙƙautawa, ko ya kai cizo a wuya ko ƙafa, ko ka ga tsohon ya jiƙe da gumi yana haki, ku raba su da dogon kara daga nesa, a koma zaman shinge na mako guda. Ranar farko awa ɗaya ta isa. Ka riƙa ƙarawa, amma kwana tare sai bayan sun yi mako guda suna wuni lafiya. Wasu ba sa taɓa jituwa a sake. In haka ne a bar su a maƙwabtaka, buƙata ta biya.

Kilinmu tsohuwar jaka muka sama masa. A dare na tara da sa su gefen shinge na fito da fitila wajen ƙarfe uku, na hango shi shame-shame a kan yashi, wuya a miƙe, har gabana ya faɗi. Sai na ga cikinsa yana ɗagawa a hankali, ƙafarsa tana ɗan motsi. Jakar tana tsaye a jikin shinge, kunnuwa a miƙe. Na kashe fitilar na koma ɗaki.

Mataki na 6: Abinci, kowa da nasa

Zaman tare yakan lalace a bakin komi. Tsohon doki a hankali yake tauna, akuya da jaki kuwa kafin ya yi loma biyar sun share masa dusa. Mai gida yana ganin komi wayam ya ɗauka dokin ne ya cinye. Don haka lokacin dusa da hatsi ka ɗaure kowa a turkensa, suna ganin juna, kada ka kwance sai dokin ya ɗaga kai da kansa, ko da zai kai awa guda.

Doki mai nauyin kilo 300 yana buƙatar busasshiyar ciyawa da harawa kilo 5 zuwa 6 a kwana. In haƙori ya yi rauni ka sassara harawar ƙanana ka yayyafa mata ruwa, dusa a dama ta da ruwa-ruwa, dawa ko gero a ɓarza a jiƙa, a raba sau uku ko huɗu maimakon a jibga masa sau ɗaya. Kada dusa ta zama ita ce abincin. In ta yi yawa babu harawar wake ko ta gyaɗa, tana raunana ƙashi har fuska ta kumbura. Ruwa lita 25 zuwa 50 a kwana, da bazara ya fi haka. Kada ka zuba abinci a kan yashi, yana taruwa a hanji ya kawo murɗar ciki.

Shi jaki tattaka da busasshiyar ciyawa sun ishe shi. In yana cin irin na dokin zai yi ƙiba, kofatonsa ya kamu da ciwo.

Abubuwa uku kada su kusanci bakin doki. Na farko abincin kaji na buhu da na kiwon shanu na kamfani, domin wasunsu suna ɗauke da maganin monensin, wanda kaɗan ɗinsa ke lalata zuciyar doki ya kashe shi. Na biyu harawa ko dusar da ta yi fumfuna. Na uku gyauron dawa ɗanye. In akuyarka tana cin abincin buhu, ka ba ta a wajen filin gaba ɗaya.

Mataki na 7: Koya musu 'yar rabuwa

Sabo in ya yi yawa shi ma matsala ne. Wata rana za a buƙaci jakin ya kai taki gona, dokin ya tayar da hankalin unguwa. Tun a wata na biyu ka fara fitar da abokin minti 10, ka bar wa dokin harawa mai daɗi, ka dawo da shi. Gobe minti 20. A haka zai gane wanda ya fita yana dawowa.

Kai ma abokin zamansa ne, kada samun jaki ya sa ka janye. Ka goge shi kullum, ka ɗaga kofatansa ka share, ka ja shi tafiyar minti 20 da sanyin safiya don gaɓoɓi su saki. A yanke musu kofato su biyun duk bayan mako 6 zuwa 8.

Mataki na 8: Idan babu halin ƙara dabba

Ka yi magana da maƙwabcin da ke da jaki, jakin ya riƙa kwana a wurinka, shi ya huta da fargabar ɓarayi, dokinka ya samu mai gadi. Dare ne lokacin da ya fi buƙatar abokin. In wannan bai samu ba, ka tsige turken daga bayan gida ka mayar da shi inda zai riƙa hangen shanun noma ko awakin gida, ko kusa da inuwar da dattawa ke hira. Kaji ba sa maye gurbin aboki, kuma suna ɓata masa komi.

Mataki na 9: Damina, ciwo da rabuwa

Da damina ƙananan ƙwari masu cizo daga magariba zuwa asuba suna yaɗa cutar dawaki ta Afirka. Jaki yakan ɗauke ta da sauƙi, doki kuwa tana yawan kashe shi. Kafin faɗuwar rana ka shigar da su rumfa, ka tayar da hayaƙin busasshen kashin shanu a inda ba za su taka wutar ba, ka kuma tambayi ofishin dabbobi na ƙaramar hukumarku maganar allurar riga-kafi tun kafin ruwa ya sauka.

In ɗaya ya kwanta ciwon da ba mai yaɗuwa ba ne, kada ka raba su nesa, shinge ya isa. In mai yaɗuwa ne, a raba, amma a bar su suna jin muryar juna.

Ranar da ɗaya ya mutu, kada a ja gawar a ɓoye. A bar mai ran ya zo ya sunsuna, ya tsaya a kanta kamar awa guda, sannan a ɗauke. Wanda bai gani ba yakan yi kwanaki yana kira yana nema. In jakin ne ya rage, ka sa masa ido sosai, domin jakin da ya daina ci kitse yana kwararowa cikin jininsa ya kashe shi cikin 'yan kwanaki. Ya wuni ya kwana bai ci ba, ka kira likita. Kilinmu ya yi shekara shida da jakar nan kafin ya mutu. Ta ƙi komi ranar, sai da muka yanko mata ɗanyar ciyawa daga fadama muna ba ta da hannu, muka ɗaure taure kusa da ita, a kwana na biyu ta sa baki a tattaka. In kuma dokin ne ya rage, ka matso da shi kusa da mutane a ranar, ka aiko a nemo wani abokin, shi ma sabon sai ya cika kwana 21 ɗinsa a killace kafin ya matso shinge.